Wa Ya Raya Baka da Kibiya a Japan?



Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa duk lokacin da aka ambaci harbin baka irin na mutanen Japan, wanda su suke kira kyudo, ma'ana hanyar baka. Maganar ita ce wai a wannan harbi babu ruwan kowa da ko kibiya ta samu ko ta kuskure, wai natsuwar zuciya kaɗai ake nema. Za ka ji ta a shirye-shiryen talabijin, za ka karanta ta a intanet, kuma galibi daga bakin Turawa take fitowa. Ni dai a nawa ganin wannan magana ba ta da tushe, kuma masu yin ta suna rage wa abin daraja ne alhali suna zaton yabonsa suke yi. Abin da ya hana baka mutuwa a Japan, fiye da shekara 480 bayan bindiga ta shiga ƙasar, shi ne kulob-kulob na 'yan makaranta da na garuruwa, inda ake da ƙa'ida ɗaya, da malami, da lokacin zuwa, da kuma littafin da ake rubuta kibiya nawa ka harba, nawa suka samu.

Bari mu fara da kayan aikin, domin wanda bai taɓa gani ba ya san abin da ake magana a kai. Bakan Japan, wanda suke kira yumi, ya fi mai riƙe da shi tsawo nesa ba kusa ba. Tsawon da aka saba shi ne santimita 221, akwai kuma waɗanda suka fi haka saboda dogayen mutane. Ba a tsakiya ake riƙe shi ba, ana kama shi ne wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, ta yadda ɓangaren sama ya kusa ninka na ƙasa tsawo. Na gargajiya da gora da itace ake haɗa shi, yana da tsada, kuma zafi da sanyi da raɓa duk suna taɓa shi, shi ya sa 'yan makaranta suka fi amfani da na zamani da aka yi da fayiba, mai araha da jure wahala. Kibau bibbiyu ake ɗauka, ta farko haya ta biyu otoya, kuma gashin tsuntsun da aka liƙa musu ya bambanta, ɗaya tana juyawa dama ɗaya hagu idan suna tafiya cikin iska. A hannun dama akwai safa ta fatar barewa mai taurin babban yatsa, a gindin wannan yatsa ake maƙala tsirkiya. Babu na'urar saiti, babu ko ɗaya daga tarkacen da ake liƙa wa bakan gasar Olamfik.

Abin da ake harbi kuma suna kiransa mato. Zagaye ne mai faɗin santimita 36, wato kamar faifai, ana kafa shi a jikin tudun yashi a tazarar mita 28. Akwai kuma harbin nesa na mita 60 da faifai mai faɗin mita guda, amma na mita 28 shi ne abin yau da kullum. A yawancin gasar wannan tazara ba a ba da maki. Kibiyar da ta shiga tsakiya da wadda ta kama gefe duk darajarsu ɗaya, a allo za a sa wa mutum da'ira idan ya samu, a sa masa gicciye idan ya kuskure. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya: mutanen da aka ce ba su damu da samu ba, hukuncin gasarsu kashi biyu ne tak, ka samu ko ba ka samu ba.

Harbin kansa an kasa shi gaɓa takwas, kuma kowane ɗalibi sai ya haddace su kamar karatun allo. A kafa ƙafafu, a daidaita gangar jiki, a shirya baka da riƙo, a ɗaga shi sama da kai, a buɗe hannuwa biyu ana saukowa har kibiya ta kwanta a kumatu daidai layin baki tsirkiya kuma ta wuce kunne, a tsaya a wannan cikar ja na wasu daƙiƙoƙi ana ci gaba da buɗe ƙirji, a saki, sannan a tsaya cak yadda sakin ya bar mutum kafin a sauke hannu. Idan riƙon hannun hagu ya yi daidai, bakan da kansa zai juya a tafin hannu bayan saki har tsirkiya ta zagayo bayan hannu. Idan bai yi daidai ba, tsirkiya ce za ta tsula wa mutum a kunne ko kumatu ko damtse, kuma babu sabon shiga da bai ɗanɗana wannan ba.

To, ta yaya abu irin wannan ya kawo yau? Turawan Fotugal sun sauka da bindiga a tsibirin Tanegashima a 1543, kuma cikin 'yan shekaru maƙeran Japan suka koyi ƙera ta. Ya zuwa yaƙin Nagashino a 1575, kowa ya ga inda iska ta dosa. Koya wa manomi harba bindiga aikin makonni ne, horar da maharbin baka kuwa aikin shekaru. Daga nan kuma ƙasar ta shiga zaman lafiya na fiye da shekara 250 ƙarƙashin gidan Tokugawa. Baka ya rasa filin daga, sai ya koma filin gasa, kuma gasar da ta fi shahara ita ce ta wani dogon ɗakin bauta a Kyoto mai suna Sanjusangendo. Barandarsa tana da tsawon kimanin mita 120, ga rufi a sama wanda ba zai bar mutum ya cilla kibiya sama sosai ba. Maharbi zai zauna a wannan ƙarshe ya yi ta harbi dare da rana, awa 24, ana ƙirga kibau nawa suka ratsa har wancan ƙarshe ba tare da sun taɓa rufi ko ƙasa ba. A 1669 Hoshino Kanzaemon na ƙasar Owari ya ratsar da 8,000. A 1686 Wasa Daihachiro na ƙasar Kishu ya harba 13,053, guda 8,133 suka ratsa, kuma babu wanda ya sake kamo shi. Idan ka raba, za ka ga kusan kibiya tara kenan a kowane minti, yini da kwana. Sarakunan yankuna suna zuba dukiya a kan wannan gasa saboda sunan ƙasarsu. Ina wanda zai dubi waɗannan alƙaluma ya ce kakannin masu kyudo ba su damu da ƙidaya ba?

Haɗarin gaske ya zo ne bayan 1868, lokacin da sabuwar gwamnatin Meiji ta rushe tsarin samurai, har ta hana yawo da takobi a 1876. Malaman harbi da ke cin abinci a fadojin sarakuna suka wayi gari babu mai ɗaukar nauyinsu, baka kuma ya fara zama abin rumfunan nishaɗi da mutanen kirki ba sa son a gan su a ciki. A nan ne wani tsohon samurai mai suna Honda Toshizane, wanda ya rasu a 1917, ya yi abin da nake ganin shi ne ya juya tarihin. Ya ɗauki harbin ya kai wa ɗalibai, ya koyar a Jami'ar Tokyo da wasu manyan makarantu, ya kuma haɗa salon harbin mayaƙa da salon ɗaga baka na fada. Wasu malaman zamaninsa sun zarge shi da ɓata gado. Amma ɗalibansa sun gama karatu sun watsu cikin ƙasa a matsayin ma'aikata da malamai, kowa ya tafi da bakansa.

Bayan Japan ta sha kaye a 1945, sojojin mamaya na Amurka suka hana koyar da wasannin yaƙi a makarantu, aka kuma rushe babbar ƙungiyar da ke kula da su, Dai Nippon Butoku Kai, wadda aka kafa tun 1895. Maharba suka sake haɗuwa suka kafa tarayyarsu a 1949, a 1951 aka yarda kyudo ya koma makarantu, a 1953 kuma suka fitar da littafin koyarwa na bai-ɗaya wanda ake bi har yau. Akwai wata hikima a cikin wannan littafi da ba a cika ambata ba. Tun a shekarun 1930 an taɓa ƙoƙarin tilasta wa kowa salo ɗaya na ɗaga baka, aka ƙirƙiro wani na tsaka-tsaki wanda bai gamsar da kowa ba, abin ya watse. A 1953 sai suka bar salo biyu su zauna tare, mai ɗagawa ta gaba ya ɗaga, mai ɗagawa ta gefe ya ɗaga, amma gaɓoɓi takwas ɗin nan da tsarin shiga da fita da jarrabawa duk ɗaya ne. Saboda haka yaron da ya koya a Kyushu zai iya shiga zauren harbi a Hokkaido ya tsaya a layi da mutanen da bai taɓa gani ba, su yi harbi tare babu mai taka ƙafar wani.

To daga ina maganar "samu ba shi da muhimmanci" ta fito? Mafi yawanta daga littafi ɗaya ne. Wani Bajamushe malamin falsafa mai suna Eugen Herrigel ya koyar a jami'a a birnin Sendai daga 1924 zuwa 1929, ya kuma koyi harbi a hannun wani malami, Awa Kenzo. A 1948 ya wallafa ɗan ƙaramin littafi a kan Zen da harbin baka, aka fassara shi zuwa Turanci a 1953, ya bazu a duniya, har ya zama ta bakinsa yawancin mutanen waje suka fara jin labarin kyudo. A ciki ya nuna harbin a matsayin hanyar Zen, wato wani reshe na addinin Buda, ya kuma ba da labarin daren da malaminsa ya harba kibau biyu cikin duhu, ta farko ta samu, ta biyu ta tsaga gindin ta farko.

A 2001 wani masani ɗan Japan, Yamada Shoji, ya bi diddigin labarin. Ya nuna cewa Awa bai yi zaman koyon Zen a hannun wani malamin Zen ba, hasali ma wata koyarwa tasa ta kansa ya kafa, wadda sauran maharban zamaninsa da yawa suke kallo a matsayin baƙon abu. Ya nuna cewa Herrigel bai ƙware a harshen Japan ba, ta bakin tafinta yake jin malaminsa, kuma a daren kibau biyun nan babu tafinta a wurin. Ya kuma tuna wa mutane abin da kowane ɗan kulob ya sani, cewa ka fasa kibiyarka da kibiyarka asara ce, ba abin alfahari ba. Wani abin kuma shi ne, shi Awa ɗin kafin ya shiga maganganun ruhi, sunan da ya yi a ƙasar na maharbin da ba ya kuskure ne. Mutumin da ya kai wannan matsayi idan ya ce wa ɗalibi ya daina damuwa da faifai, nufinsa daban ne da na wanda bai taɓa samu ba yake neman uzuri.

Wannan ya amsa wata tambaya da na san wasunmu za su yi, ko harbin nan bauta ce. Kyudo na kulob ba ya neman mutum ya shiga Zen ko wani addini. Akwai rusunawa wajen shiga da fita, irin gaisuwarsu, kuma a wasu zauruka akwai ɗan wurin bautar Shinto a bango, a wasu kuma tutar ƙasa ce kawai. Harbin kan doki da ake kira yabusame, irin wanda ake yi a Kamakura tun 1187, shi kam bikin wurin bauta ne, kuma abu ne dabam da abin da 'yan makaranta ke yi da yamma.

Yanzu mu zo kan kulob ɗin kansa, domin a nan maganar take. Tarayyar kyudo ta Japan tana da mambobi fiye da 100,000, kuma kaso mafi girma a cikinsu 'yan babbar sakandare ne, maza da mata. Shekarar karatu a watan Afrilu take farawa, a lokacin ne kowane kulob ke farautar sababbin ɗalibai. Kyudo yana da wata fa'ida a wannan farauta: kusan kowa a sakandare yake fara shi, don haka yaron da bai taɓa yin fice a ƙwallo ko gudu ba yana shiga ne kafaɗa da kafaɗa da kowa. Ƙarfi ko tsawo ba su ne ke yanke hukunci ba, domin kowa ana ba shi baka daidai ƙarfinsa, sabon shiga kan fara da mai laushi wanda jansa bai wuce kilo 10 ba.

Amma ba ranar da ka shiga za a miƙa maka kibiya ba. Za ka yi makonni kana maimaita gaɓoɓi takwas da hannu wofi, sannan a ba ka wani guntun itace mai roba ka yi ta ja, sannan baka babu kibiya, sannan a tsayar da kai gaban wani ƙaton damin karan shinkafa a tazarar kamar mita biyu ka yi ta harbi a ciki. Sai bayan watanni malami ko manyan ɗalibai za su yarda ka tsaya gaban faifai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma dalilin wannan jinkiri a fili yake: kibiya makami ce, wanda bai iya riƙo ba zai iya raunata kansa ko na kusa da shi. A cikin waɗannan watanni sabon shiga yana share daɓen zaure, yana yayyafa wa tudun yashi ruwa yana gyara shi, yana liƙa sabuwar takarda a faifai, yana koyon yadda ake zuwa ɗebo kibau. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Sai an yi kira an amsa, an tsayar da harbi, a wurare da yawa an rataya jan ƙyalle, kafin wani ya taka gaban tudun. Yaro ɗan shekara 15 yana koyon cewa ran abokinsa yana rataye da ko ya bi ƙa'ida ko bai bi ba.

A babbar gasar sakandare ta ƙasa, mutum biyar ne tawaga, kowa kibiya huɗu, jimla 20. Suna shiga a jere, suna harbi ɗaya bayan ɗaya daga na gaba zuwa na baya, kowa yana jin ƙarar tsirkiyar na gabansa da ƙarar takarda idan ta fashe, ko shirun da ke biyo bayan kuskure. Wanda ya samu huɗu cikin huɗu 'yan kallo za su tafa masa. Idan aka yi kunnen doki a gasar ɗaiɗaiku, sai a koma kibiya ɗaya-ɗaya, wanda ya fara kuskure ya fita. A jami'o'i abin ya fi haka zafi, suna da tarayyarsu ta ɗalibai, kuma a wasanninsu ana ihu ana kirari ga maharbi, ba shirun da ake nunawa a talabijin ba. Wannan shi ne kyudo da mafi yawan masu yinsa suka sani.

Ba zan ɓoye cewa akwai masu sukar wannan ba, kuma cikin manyan malaman Japan ɗin kansu. Suna cewa 'yan makaranta sun mai da abin neman lamba, suna ƙirƙiro dabarun samu da ke lalata tsayuwa, kuma wanda ya saba da haka da wuya ya gyaru. Suna da hujja. Akwai wata cuta da maharba ke tsoro mai suna hayake, wato mutum ya riƙa sakin kibiya tun bai kai cikar ja ba, yana so ya tsaya amma hannu ya ƙi. Sau da yawa tana kama wanda ya fara samu ne, ido ya ga faifai, zuciya ta yi gaggawa, yatsa ya saki. Wasu sukan yi shekaru suna fama da ita, wasu su ajiye bakan gaba ɗaya. Har fim ɗin zane aka yi a kanta, Tsurune, wanda kamfanin Kyoto Animation ya fitar a 2018, labarin wani ɗan sakandare da wannan cuta ta kama.

Sai dai ka duba maganin da malaman ke bayarwa. Ba sa cewa a cire faifai. Koyarwarsu ita ce harbin da aka yi daidai dole ya samu, saboda haka ka gyara harbin, samu zai biyo baya. Jarrabawar hawa mataki ma haka take. Mutum biyar za su shiga gaban alƙalai, kowa da kibiya biyu kacal, ana duban tafiyarsa da zamansa da numfashinsa da jansa. A matakin farko ana iya haye ko ba a samu ba idan tsari ya yi kyau. Daga mataki na uku kuwa ƙa'ida ta fara neman samu, a na huɗu ana son ya zama abin dogaro, har zuwa manyan laƙabobi na renshi da kyoshi da hanshi. Wato ko su dattawan da ke faɗa da neman lamba ba su yarda mutum ya zo da kyakkyawar tsayuwa kibiyarsa tana cin yashi ba. A ganina faifan nan shi ne mai gaskiyar zauren. Malami zai iya son ka, alƙali zai iya jin nauyinka, kai ma za ka iya yaudarar kanka cewa zuciyarka ta natsu, amma takardar da ke mita 28 ba ta san sunan mahaifinka ba. Idan aka cire ta, abin da zai rage rawa ce da tufafi masu kyau, kuma ba na jin yara dubu-dubai za su riƙa tashi da sassafe cikin sanyin hunturu saboda rawa.

Shin har yanzu za a kira shi fasahar yaƙi? Idan nufin mutum abin kare kai ne, amsa ita ce a'a. Wanda ke ɗaukar kusan minti guda kafin ya saki kibiya ɗaya ba zai tare ɓarawo ba, kuma babu ɗan kyudo mai hankali da zai ce zai iya. Harbin filin daga, inda mayaƙa sanye da sulke ke matsawa gaba layi-layi suna ruwan kibau, ya rage ne a hannun 'yan tsiraru, kamar masu riƙe da salon Satsuma a garin Izumi na jihar Kagoshima. Tsofaffin gidajen harbi irin su Ogasawara da rassan Heki suna nan, amma mabiyansu kaɗan ne idan aka kwatanta da na tarayya. Wannan ita ce asarar da aka yi wajen mai da abin na kowa, kuma asara ce ta gaske. Abin da ya rage na yaƙi a kyudo shi ne makamin da zai iya kisa, da ladabin riƙe shi, da kuma matsin kibiya ɗaya wadda ba a maimaita ta.

Mu ma dai mun san baka. A Tabkin Kwatto a 1804 'yan baka ne suka tsaya wa dawakin Gobir, har yau akwai sarautar Sarkin Baka, kuma ana ganin 'yan baka a jerin hawan salla. Abin da babu shi ne wurin da yaro, a Kano yake ko a Sabo ta Ibadan, zai je ranar Talata da yamma a koya masa ɗana kibiya bisa wata ƙa'ida da aka yarda da ita, a rubuta masa abin da ya samu. Sarauta da hawa suna adana sunan abu da kamanninsa, hannun da ya iya kuwa sai da maimaici.

Kada kuma a ɗauka tsarin na Japan ba shi da rauni. Babbar matsalarsa ita ce yawancin yaran nan suna ajiye baka ranar da suka gama sakandare. Shekara uku na horo, sannan jarrabawar jami'a, sannan aikin kamfani da ba ya barin lokaci. Abin da ke ceto wasu shi ne garuruwa da yawa suna da zauren harbi na hukuma, inda ake biyan kuɗi kaɗan, ƙungiyar gari kuma tana buɗe ajin koyo ga manya. A irin waɗannan wurare za ka tarar da wanda ya dawo bayan shekara 30, da matar aure da ta fara a shekara 50, da tsoho ɗan 80 da ke jan baka mai laushi, duk a layi ɗaya. A waje ma abin ya yaɗu, an kafa tarayyar duniya a 2006, an yi gasar duniya ta farko a Tokyo a 2010, ta biyu a Faris a 2014, amma yawan masu yi a sauran ƙasashe duka bai kama ƙafar na 'yan sakandaren Japan ba.

Rauni na biyu ya fi tayar da hankali, domin ya shafi ginshiƙin kansa. Kulob ɗin makaranta a wuyan malaman aji yake, su ne ke tsayawa da yamma da ranakun hutu, sau da yawa a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, wani ma an ɗora masa kulob ɗin harbi alhali bai taɓa riƙe baka ba. Malamai sun daɗe suna kuka da wannan nauyi, ga kuma haihuwa ta ragu, makarantun karkara suna rufewa ko suna haɗewa, wasu ba sa iya tara mutum biyar na tawaga. Daga 2023 gwamnati ta fara matsar da ayyukan kulob na ƙarshen mako a ƙananan sakandare daga hannun makarantu zuwa ƙungiyoyin gari. Ga ƙwallon ƙafa wannan da sauƙi, fili da ƙwallo sun wadatar. Kyudo kuwa yana bukatar zaure mai daɓen katako, da fili mai katanga na mita 28, da tudun yashi da ake gyarawa kullum, da babban mutum da ya san harbi wanda zai tsaya a kan yara masu riƙe da makami. A garin da ke da zauren hukuma da dattawan da suka yi ritaya masu lokaci, sauyin zai iya zama alheri, domin zai haɗa yara da ƙungiyar da za su ci gaba da zama a cikinta bayan sun gama makaranta. A ƙauyen da zauren makaranta shi kaɗai ne, kuma malamin da ke riƙe da makullinsa aka ce ya huta ranar Asabar, sai an samo wani da zai zo ya buɗe ƙofar.